Tukunyar Toka da Na Fasa

Ni ne na yi laifi, kuma ba cikin rashin sani na yi shi ba. Na fara da wannan ne domin na san halina, in na bar maganar sai ƙarshe, kafin in kai can na samo wa kaina uzuri. Da hannuna na fasa tukunyar tokar kakata, a gidana da ke Trikania, tana zaune tana kallona. Har yau in na tuna, haushin kaina ne ke taso mini.

A Kakuri muka tashi, ni da yayata Rifkatu, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, kowa da murhunsa a ƙofar ɗaki. Babanmu ma'aikacin masaƙa ne, a lokacin da masaƙu ke aiki, jiniya na tashin unguwa da safe. Mamanmu ta rasu ina ƙarami, shi ya sa aka je gida, can ƙasar Jaba, aka ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, domin ta riƙe mu. Kayan da ta zo da su ba su da yawa: 'yan zannuwa, muciya, da wata baƙar tukunyar ƙasa mai ƙananan huji a gindi. A kan cinya ta riƙo tukunyar tun daga ƙauye, ta ƙi yarda a ɗora ta a saman mota.

Da wannan tukunya take yin ruwan toka. Wanda bai sani ba, ga yadda abin yake. Ana ƙona karan acca, wanda siriri ne kamar ciyawa, a tara tokar, a zuba a tukunya mai huji, a danna, a zuba ruwa a kai. Sai ruwan ya riƙa ɗiga a hankali cikin kwanon da aka tara a ƙasa, launinsa kamar shayin da ya ji ganye. Shi ake ɗan zubawa a miyar karkashi ta yi yauƙi ta tsaya kore shar, shi ke sa wake ya yi laushi. Wasu kanwa suke sawa. Kaka kuwa ta ce kanwa baƙuwa ce, kuma tana murɗa mata ciki.

Ba kullum ake ƙona kara ba, sai in wani direban motar citta ya kawo mata dami daga gida. Ranar kuwa, da an gama cin tuwon yamma, za ta share bayan gida tas, ta shimfiɗa wani tsohon kwanon rufi, ta kunna wuta a kai. Yaran gidan duka mu kewaye ta. Wutar tana da doka. Ba a jefa mata ɓawon gyaɗa, ba a jefa takarda, ba a jefa leda, ba a tofa yawu. Wanda ya karya doka, muciya ce a gadon bayansa, ko ɗan waye.

"Wannan ba wutar jin ɗumi ba ce," in ji ta. "Miya ce kuke kallo, ba ta dai shiga tukunya ba tukuna. Kai mijina, janye ƙafarka, ba na son miya mai warin ƙafa."

Ni ne mijin. Haka take kirana tun ina tsumma, irin wasan kaka da jika. In na yi fushi na ce ba na son tsohuwa, sai ta ce ai ita ma maneji take yi da ni.

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ta daren toka guda ɗaya ce, ba ta canzawa. Takan fara da cewa, "Ku matso, ku rufe baki, wuta na sauraro." Daga nan sai muryarta ta sauya. Kaka ba ta ba da wannan labari da murmushi. Da fushi take ba da shi, kamar jiya aka yi abin, kamar ita aka yi wa.

Ta ce a zamanin da, mutanenmu a kan duwatsu suke zaune, saboda mahara da ke kama mutane a ƙasa. Suna da acca, suna da zuma, amma ba su da gishiri. Gishiri daga nesa yake zuwa, daga arewa, a bayan jakunan fatake. Mutum ɗaya ne a ƙauyen ya san hanyar sauka kuma yake jin yaren fataken, shi ke kai acca ya karɓo gishiri. Kaka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, Baban Gishiri kawai take ce masa, tana faɗa tana taɓe baki.

Wata shekara hanya ta rufe, fatake suka daina zuwa. Gishirin da ya rage duk yana ɗakin mutumin nan. Sai ya fara sayar da shi da gonaki. Akwai wata mata da mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya ɗaya, yarinyar ba ta da lafiya, duk abin da aka ba ta sai ta kawar da kai, domin ba ɗanɗano. Matar ta je roƙon gishiri ko da na lasa ne. Ya ce ta ba shi gonar accarta. Ta ce gonar ta yarinyar ce, ba za ta bayar ba, ta kuma faɗa masa abin da yake a gaban jama'a. Kafin gari ya waye, accar da ta yanka ta tara, ba a ko sussuka ba, ta zama toka.

"Abincin shekara guda," Kaka za ta ce, tana nuna mu da muciya kamar mu muka ƙona. "Na marainiya. Kun ji ko?"

Matar ba ta yi kuka ba. Ta kwashe tokar a wata tsohuwar tukunya mai tsaga a gindi, ta kai wa dattawa shaida. Dattawa kuwa duk gishirin mutumin ne a miyarsu, sai suka ce ta dawo gobe. Gobe ta yi, suka ce jibi. Da ta gaji, sai ta ɗora tukunyar a kan duwatsu a ƙofar ɗakinta, inda duk mai wucewa zai gani, ta ce nan za ta zauna har a yi mata shari'a. Aka yi ruwan sama, ya cika tukunyar, ya bi ta tsagar ya ɗiga cikin wani kasko da ke ƙasa. Da safe ta tarar awaki suna tunkuyin juna a kan kaskon. Ta kore su, ta tsoma yatsa ta lasa. Ta tsinko karkashi ta kaɗa miya da ruwan. Yarinyar da ta daɗe tana kawar da kai ta ci, ta miƙo kwano a ƙara mata.

Matan ƙauye suka zo, ta koya wa kowa, ba ta karɓi ko ƙwayar acca ba. Hanya ta ci gaba da zama a rufe, gishirin Baban Gishiri ya ƙare, matan ƙauye kuma suka haɗa baki ba mai koya wa gidansa. Da yunwa ta ci shi sai ga shi a ƙofar matar. Ta ce ba ta son akuyarsa, ba ta son gonarsa. Abu ɗaya take so: ya ɗauko damin karan acca a kansa, da rana tsaka, ya ratsa ƙauye kowa na gani, ya kunna wutar da hannunsa, sannan ya faɗi abin da ya yi da bakinsa.

Nan ne muke tambaya, "Kaka, ya ɗauka?"

Amsar ba ɗaya ba ce. Ranar da take cikin daɗin rai, sai ta ce ya ɗauka, yara na binsa suna dariya, aka zuba masa miya. Ranar da ranta ke ɓace kuwa, sai ta ce ya ƙi, ya mutu yana cin tuwo da ruwan lami, ba wanda ya yi kukansa. Rifkatu ta taɓa tsare ta, ta ce to wanne ne gaskiya? Kaka ta ce, "Ya danganta da wuyansa. Na sauke labari, mai wuya ya ɗauka. Ku tashi ku kwanta."

Ba tatsuniya kaɗai ba ce a gidanmu, doka ce. Bayan masaƙa ta rufe, Baba ya zama mai saurin fushi. Wata rana ya ture kwanon miya da ƙafa, ya ce ya gaji da cin abincin talauci. Sai Kaka ta daina cin duk abin da aka saya da kuɗinsa. Bai daɗe ba ya nemo damin karan acca ya ɗauro a bayan kekensa. Ta dube shi ta dubi keken ta ce, "Keken ne ya ture miya?" Dole ya koma bakin titi ya kwance damin ya ɗoro a kai. Ina tsaye a wurin, na yi dariya har na faɗi. Ina so a riƙe wannan: na gani da idona, na san dokar sarai.

To me ya same ni? A makaranta aka fara. Wani yaro ya zo gidanmu ya ga tukunyar tana ɗiga, washegari ajinmu kaf ana kirana mai shan toka. Na yi dambe a kai, amma maganar ta shige ni ta zauna. Na girma ina jin cewa duk abin da ya fito daga ƙauyenmu abin ɓoyewa ne. Abin da ke ƙona mini rai yanzu shi ne, irin mutanen da suka yi mana dariya su ne ke layi a manyan kantuna suna sayen acca a cikin leda mai hoto, wai likita ya ce tana da kyau ga mai ciwon suga. Accar da aka ce ta matsiyata ce. Amma ba zan ɗora musu laifina ba. Su yara ne lokacin da suka faɗa. Ni da gemuna na aikata.

Karatuna bai yi nisa ba, shimfiɗa tayil na koya, Allah kuma ya sa wa sana'ar albarka har na gina ɗan gidana a Trikania. Barandar gaba na shimfiɗa mata farin tayil da hannuna, ina ji da ita fiye da yadda ya kamata mutum ya ji da daɓe. Bayan Baba ya rasu na ɗauko Kaka ta dawo wurina. Ta tsufa ƙwarai, haƙora sun zube, ba abin da ke wuce mata sai tuwon acca mai laushi da miyar karkashi. Tukunyarta na bayan gida, matata Saratu na taimaka mata.

Ranar da abin ya faru, layin gidana ne na karɓar taron addu'a na 'yan cocinmu. Ana yayyafi, sai Kaka ta sa aka dawo mata da tukunyar baranda domin kada ruwan sama ya ɓata tokar. Na dawo daga aiki da yamma, baƙi sun kusa isowa, na tarar da baƙar tukunya a kan duwatsu a ƙofar falona, kwanon ya cika ya tumbatsa, jan ruwa ya bi layin farin tayil. Abin da ya zo mini a rai shi ne, mutane za su ce ni Ishaya tsafi ake yi a gidana.

"Wa ya kawo wannan ƙazantar nan?" na ce.

"Mijina, ba ƙazanta ba ce, miyar gobe ce," in ji Kaka. "Sa hannu mu matsar da ita."

Na sa hannu. Na ɗaga ta na yi jifa da ita cikin kwata. Ƙarar fashewarta ba ta da yawa ma. Na ce nan birni ne, ba kan dutse ba, kuma zamanin cin toka ya wuce, ga dunƙulen miya cike da kicin. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Sannan na wanke tayil, na sa farar riga, baƙi suka zo, ni na jagoranci waƙa.

Washegari na gaishe ta, ta ce, "Lafiya lau, Oga Ishaya." Ba mijina. Saratu ta yi miya da kanwa da dunƙule ta kai mata, ta ture kwanon a hankali ta ce ta gode. Tun daga ranar ba ta ƙara cin tuwo a gidana ba. Kunu kawai take kurɓa, shi ma wanda Rifkatu ke kawo mata daga gidanta. 'Ya'yana suka roƙe ta tatsuniya, ta ce wuta ta mutu.

Maimakon in ji kunya, sai na ƙara hawa. Na ce taurin kai ne irin na tsofaffi, yunwa za ta sauko da ita. Na sayo maganin ƙarin jini, na sayo madara, na sayo sabuwar tukunya a kasuwa na sa aka huda. Ko kallonta ba ta yi ba. Saratu ta nemo toka a ɓoye ta tace, miyar ta yi kyau, Kaka ta shinshina ta ce, "Hannunki mai kyau ne, 'yata. Amma ba ke kika zubar ba." Zanenta ya fara yi mata yawa. In za ta tashi sai ta dafa bango.

Rifkatu ta tare ni a ƙofar gida, ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Ishaya, kana jira ta mutu ne ka yi mata akwati mai tayil?"

"Yaya, me kuma ake so in yi? Na sayi tukunya, na sayi magani."

"Kada ka raina mini hankali. Tare muka zauna a bakin wutar nan. Kai ne ma mai tambayar ko ya ɗauka."

Na ce ni ba zan ɗauki ciyawa a kai in ratsa unguwa ba, ina da yara masu koyon aiki a ƙarƙashina, mutane na ganin girmana. Ta ce, "Girma," ta tofar da yawu a gefe, ta wuce ciki.

Wadda ta ƙarasa ni maƙwabciyarmu ce, Mama Ngozi, matar wani makanike, 'yar cocinmu, tana cikin baƙin da na ji kunyarsu ranar. Ta shigo duba Kaka, da ta fito ta same ni a baranda ta ce, "Oga Ishaya, ashe abin da ka fasa ke nan? Mu ma muna yi. Da tokar kan kwakwar manja muke yin namu, ngu muke ce masa. Uwata har yau ba ta yarda da kanwa. Da na san Mama na yi, da tuni na zo da kwalba." Ta girgiza kai. "Kai dai ka iya tayil."

Ashe ba wanda zai ce tsafi. Ni kaɗai ne na ɗauko dariyar yaran ajinmu na riƙe ta shekara da shekaru, na zo na sauke ta a kan tsohuwar da ta goya ni. Ina yaro na ɗauka labarin Kaka na asalin ruwan toka ne kawai, yadda aka yi miya ta samu ɗanɗano ba gishiri. Ban sani ba ko haka aka yi da gaske, wataƙila a wani wuri wata macen ce daban ta gano shi, tunda ga su Mama Ngozi da nasu. Abin da na gane a makare shi ne dalilin fushin da ke muryarta. Abincin nan ba daga jin daɗi ya fito ba. Mutanen da aka tsare wa hanya, aka ƙona wa amfanin gona, su suka tsamo shi daga cikin ɓarnar da aka yi musu, suka ciyar da 'ya'yansu har aka kai gare ni. Kullum in tana ba da labarin, a gefen matar nake ajiye kaina. Ban taɓa tunanin ni ne zan tashi Baban Gishiri ba.

Na kira direban motar citta, ɗan wancan na da, na roƙe shi dami. Ya ce in same shi a Gonin Gora ranar da zai wuce. Na karɓa na sa a keke mai ƙafa uku, muka taho. Mai keken ya so ya shiga da ni har ƙofar gida, na ce ya tsaya a bakin titi. Rana na tsaka. Damin ba nauyi gare shi ba, girma ne da shi, ga ƙaiƙayi yana zubo mini cikin riga. Na ɗora a kai na shiga unguwa.

Masu shago suka leƙo. Wani mai walda da muke wasa da shi ya ce, "Oga, tayil ya daina ciniki ne, ka koma kiwon akuya?" Yara suka biyo ni. Ɗaya daga cikin masu koyon aikina ya rugo zai karɓa, na ce ya bari. Ban mutu ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, ganin ƙanƙantar abin da na bar tsohuwa da yunwa saboda shi.

Tana zaune a baranda, a kan farin tayil ɗin, Rifkatu da Saratu na gefenta. Ta dube ni tun daga ƙafa har damin.

"A ina ka sauka daga mota?"

"A bakin titi, Kaka."

"Mutane sun gan ka?"

"Sun gan ni. Har da dariya."

"To. Ashe akwai wuya."

Na shimfiɗa kwanon rufi a nan gaban falo, na sauke karan, na ƙyasta ashana da hannuna. Hayaƙi ya tashi yana bin farin bango, ban dubi bangon ba. Na durƙusa a gabanta, gwiwa biyu a ƙasa, na ce:

"Kaka, ni Ishaya, ni na fasa tukunyar da kika riƙo a cinya daga gida. Ba tsautsayi ba ne, da gangan na yi, don ina jin kunyar abin da kika ciyar da ni da shi. Na kira abincinki ƙazanta. Na san abin da ya kamata in yi tun washegari, na ƙi, na bar ki da yunwa saboda girman kai. Tukunyar ba zan iya dawo da ita ba. Ga kara na kawo, ga wuta na kunna. Ki yafe mini, ki ci abinci a gidana."